Telan da Ba Ya Yanke Rara

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon aski da na mai gyaran agogo, akwai wani shagon ɗinki mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Tsofaffin unguwar sun saɓa kan shekarar da aka buɗe shi, amma sun haɗu a kan cewa ya girmi kwaltar da ke gabansa. Mai shagon telan kwat da wando ne, kuma duk layin Tulu ake ce masa, saboda tumbin da yake riga shi shiga ɗaki. Yana amsa sunan ba tare da ya ɓata rai ba.

Ba da tumbin aka haife shi ba. Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun ce siriri ne, mai saurin hannu da ƙarancin magana. Mahaifinsu ɗan dako ne a tashar, ya rasu ya bar su ƙanana, sai yayansa, wanda ya riga ya koyi ɗinki, ya ɗauke shi ya zaunar da shi gefen keke. A hannun wannan yayan ya koyi riƙon almakashi da zanen alli da dasa aljihu yadda ba zai wangale baki ba. A hannunsa kuma ya karɓi ƙa'idar da ta bambanta shagonsu da sauran: in an kawo wando a rage ƙugu, ba a yanke rarar yadin. Ninke ta ake yi ta ciki, a danne da dutsen guga, a bi da ɗinki.

"Jikin mutum ba katako ba ne," in ji yayan. "Wanda ya rame bana yana iya murmurewa baɗi. In ka yanke, me za ka buɗe masa ranar da ya dawo?"

Tumbin ya zo ne a hankali, tare da aure da buɗewar kasuwa. Mutumin da yake wuni a kan kujera, ga shayi mai sukari a dama, ga lemon kwalba a hagu, dole jikinsa ya nemi inda zai ajiye su. Duk da haka Tulu bai taɓa sa wandon da ba shi ya ɗinka ba, domin a ganinsa wandon tela shi ne allon shagonsa. Shi yake wanke kayansa a bayan shago, shi yake goge su. Tun ranar da maiɗakinsa, tana amarya, ta goge masa wando ta yi masa kari biyu a ƙafa ɗaya, ya karɓe aikin daga hannunta da fara'a, bai ƙara mayar mata ba.

Babban abin da ya girgiza gidan kafin wannan labari shi ne rasuwar yayan. Ya fara ramewa ne ba dalili, yana cewa basir ne, yana shan magungunan da 'yan layi suka ba shi shawara. Tulu ne ya riƙa rage masa wando, sau ɗaya, sau biyu, har rarar ta yi tudu a bayan ƙugu. Da aka kai shi asibiti aka buɗe cikin, sai aka rufe. Kansar babban hanji ce, kuma ta riga ta kai hanta. Matar Tulu, wadda ta yi jinyarsa tare da iyalinsa, ta faɗi wata magana bayan an share makoki, maganar da mijinta bai manta ba: tun da ta ga wandon Yaya yana zamewa ta san ba lafiya.

Shekaru sun wuce. Hawan jini ya kai Tulu ƙaramin asibitin unguwa, inda ya haɗu da wata likita da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta auna jininsa, ta ɗora shi a kan ma'auni, sannan ta ɗauko tef ta zagaya cikinsa.

"Likita, kin shiga sana'ata," ya ce.

"Aro na yi, Baba. Kai kana ganin kitsen nan ajiya ce kawai, kamar yadin da aka jibge a kanta. To, ba a zaune yake ba. Yana zuba wasu sinadarai cikin jini, su zagaya jiki kamar 'yan aike. Akwai wanda ake kira leftin, yana ƙaruwa in kitse ya ƙaru. Akwai adifonektin, shi kuma raguwa yake yi in tumbi ya yi yawa. A jikin ƙwayoyin halittar hanji akwai wuraren karɓar saƙonsu, kowane da nasa, kamar maɓalli da raminsa. Abin da masu bincike suke gani shi ne, na farkon yana iya zuga ƙwayoyin su yi ta hayayyafa, na biyun kuma yana taka musu birki. In mai zuga ya yi yawa, mai birki ya yi kaɗan, shekara da shekaru, haɗarin kansar hanji yana ƙaruwa. Ba kowane mai tumbi ke kamuwa ba, kuma har yanzu ba a gama gane lamarin ba. Amma ina so ka rage. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwo a danginku?"

Ya dubi tef ɗin da ke hannunta.

"Babu," ya ce.

Da labarin ya isa gida, maiɗakinsa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da mai da sukari. Tulu yana cin abin da ta aiko, ya yaba, sannan ya tsallaka titi ya cike gurbin da soyayyen nama da lemo. Haka aka daɗe, tumbi bai san ana yi ba.

Saboda haka, ranar da ya miƙe zai ɗauko yadi a kanta ya ji wandon ya zame ya tsaya a kan kwatangwalo, ya san ba dokar likita ba ce ta yi aiki. Rana ce tsaka, layin ya yi tsit. Ya ɗauki tef ya auna kansa, ya sake aunawa. Mutumin da ya auna ƙugun rabin unguwa ba ya kuskuren karatun tef. Kuma ba wannan kaɗai ba ne. An kwana biyu yana ganin jini a bayan gida. Cikinsa yau ya ɗaure, gobe ya ɓalle. Taka keken ɗinki, abin da yake yi yana hira, ya fara sa shi haki.

Ya tura ƙofar shago ya bar ta a ɗan buɗe, ya yafa wani yadin mutane a ƙugunsa, ya tuɓe wandon ya juya shi. Bai tsaya neman zaren da ya dace ba, ya bi da wanda ke kan keke. Ya ninke rarar ta ciki, ya danne da dutsen guga. Da ya mayar da wandon, ya zauna daram kamar ranar da aka ɗinka shi.

"Basir ne," ya ce wa kansa, sai kuma ya ji kamar muryar yayansa ce ke faɗin haka.

Daga lokacin ya daina zuwa asibiti, yana sayen maganin hawan jininsa a kyamis. Mai tumbi kamar nasa yana iya zubar da nama mai yawa kafin ido ya ankara, musamman in rigarsa mai yalwa ce kuma wandonsa ba ya tona masa asiri. Abin da ya bayyana a fuska kuwa, mutane yabo suka bi shi da shi. Maƙwabcinsa mai aski, wanda Tulu yake kira Reza saboda kaifin bakinsa, ya leƙo ta taga wata rana.

"Kai, Tulu! Ashe kana da wuya? Shekara nawa muna tare, na ɗauka kanka a kan kafaɗa aka dasa shi."

"Reza, ji da kan mutane ka bar nawa."

"Madam ta sa ka a layi. Ni in tawa ta hana ni mai, ƙararta zan kai. Wannan kwanon fa, ka gama da shi?"

"Ɗauka. Na ƙoshi."

"Abincin marasa lafiya, ba mai ba gishiri. Amma na kyauta ba a duba masa fuska."

Kwanon ya riƙa komawa gida a wanke, maiɗakinsa tana murna. Wandon kuwa ya sake komawa ƙarƙashin allura, sannan ya sake komawa. Kowane karo Tulu yana cewa wannan ne na ƙarshe.

Ruwan sama ne ya tona shi. Wata yamma ya dawo gida sharkaf, ga gajiyar da bai taɓa jin irinta ba. Ya canza kaya ya kishingiɗa da niyyar tashi ya shanya wandon da kansa, barci ya kwashe shi. Maiɗakinsa ta tsinci wandon a bakin gado, ta fita da shi baranda, ta juya shi don ya fi saurin bushewa.

Matar da ta yi shekara talatin da ɗoriya a gidan tela ta iya karanta ɗinki. Layi uku ta gani a bayan ƙugun, kowane ya fi na gabansa shiga ciki. Na farko da baƙin zare, wanki ya koɗar da shi. Na biyu shuɗi ne. Na uku ja ne, sabo fil, a jikin wando ruwan toka, daga hannun mutumin da yake iya mayar da abokin ciniki gida don bai samu zaren da ya dace ba. Rarar ta yi tudu. Ta taɓa ganin irin wannan tudun sau ɗaya a rayuwarta.

Da ya farka ya same ta zaune a gefen gado, wandon a kan cinyarta.

"Malam, wandon wa ka rage haka na ƙarshe?"

Ya miƙa hannu. Ba ta ba shi ba.

"Ba ke kika hana ni mai ba? Ga sakamako ya fito, kuma kina tuhuma."

"Wa yake cinye abincin da nake aikowa?"

Ya sake miƙa hannu, ta janye wandon.

"Akwai jini?"

"Ɗan basir ne, uwar yara. Kowane tela yana da shi, zaman kujera ne."

"Haka Yaya ya ce."

"Kada ki ambaci Yaya!" Muryarsa ta tashi, abin da ba ta saba ba. "Da ƙafarsa ya shiga asibiti. Suna sa masa wuƙa ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ni ma can kike so ki kai ni?"

"Ba wuƙa ta kashe shi ba, jinkiri ne. Lokacin da ya kamata a kai shi, zaune aka yi ana rage masa..."

Ta kama bakinta, amma maganar ta riga ta isa. Can ta ninke wandon ta sa a jakarta, ta ja zif.

"Gobe za mu asibiti. In ka ƙi, ni da wandon za mu je."

Washegari ya bi ta, ba don ya yarda ba, sai don yana ganin zai iya kashe maganar a gaban likita. Da aka ɗora shi a kan ma'auni, likitar ta dubi allurar, ta dubi katinsa na baya, murmushin da ta fara ya tsaya a rabi.

"Baba, ka ɓace mana. Me kake yi haka? Tafiyar ƙafa?"

"Dokarki nake bi, Likita. Ba mai, ba sukari."

"Cin abinci fa?"

"Lafiya lau."

"Bayan gida? Babu wani canji, babu jini?"

"Lafiya ƙalau."

Ta janyo fatar idonsa ta ƙasa ta duba, ta daɗe tana kallo. Tulu ya ji ƙarar zif a bayansa. Maiɗakinsa ta zo ta shimfiɗa wandon a kan tebur, ciki a waje, ta ɗora yatsa a kan jan zaren.

"'Yata, duba nan. Bai bi doka ba ko ta wuni ɗaya. Abincin ma maƙwabci ke cinyewa. Akwai jini. Kuma yayansa uwa ɗaya uba ɗaya da kansar hanji ya rasu."

Likitar ta juyo gare shi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Na taɓa tambayar ka, Baba."

"Kin tambaya."

"Ramar da na nema daban, wannan daban. Tumbi yana ƙara haɗari, ɗan'uwa na jini da ya yi ciwon ya fi ƙarawa. Ba zan ce ga abin da ke damun ka ba sai an duba. Amma ba za mu ƙara jira ba."

Ta tura su babban asibiti. A can aka wanke masa ciki da wani ruwa mai ɗaci, aka zura siririn tiyo mai kyamara aka leƙa hanjin. An ga ƙari, wani tsiro a jikin hanjin. Aka gutsuri kaɗan aka kai ɗakin gwaji, gwaji ya tabbatar da sunan da kowa yake gudun faɗi. Saura tambaya ɗaya, wadda Tulu ya san nauyinta fiye da kowa a layin jiran: ya kai hanta ko bai kai ba?

Kwanakin jiran hoton ciki su ne mafi tsawo a rayuwarsa. Yana buɗe shago, amma almakashi ya ƙi yi masa biyayya. Ya ɓata hannun kwat ɗin wani malamin makaranta, abin da bai yi ba tun yana ɗan koyo. Reza ya daina leƙowa ta taga. Ta ƙofa yake shigowa yanzu, ya zauna a kan benci ya rasa abin faɗi, wanda a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Likitan tiyata dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ya nuna musu da bayan biro.

"Ga hantar nan. Ban ga komai a jikinta ba."

Maiɗakin Tulu ta sauke numfashi, ta rufe fuska da mayafi.

"Kada mu yi saurin murna," in ji likitan. "Ƙarin yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Sai an cire. In aka bar shi, inda muke tsoro zai je."

Ga wuƙar ta zo. Tulu ya tuna Yaya a kan gadon asibiti ana tura shi, yana ɗaga masa hannu a bakin ƙofar ɗakin tiyata.

"A ba ni lokaci in yi tunani."

"Malam," in ji maiɗakinsa.

"Akwai kayan mutane a shago. In na gama..."

"Malam, layi na huɗu za ka yi?"

Likitan bai gane maganar ba, bai kuma tambaya ba. Ya dai ja takarda ya zana doguwar igiya mai lanƙwasa.

"An ce mini kai tela ne. Ga aikin. Za mu yanke daga nan zuwa nan, mu haɗa bakin biyu mu ɗinke."

Tulu ya sunkuya a kan zanen, idon sana'a ya rinjayi tsoro.

"Lalacewar a tsakiya take. Me ya sa za ku yanke har can? Wannan gefen ai lafiyayye ne."

"Da gangan ne. Muna haɗawa da lafiyayyen gefe da 'yan kaluluwar da ke kusa, don kada a bar ko ƙwaya."

"Ba kwa barin rara ke nan."

"A namu aikin, abin da aka ninke aka bari shi ke dawowa ya kashe mutum."

Tulu ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya tambayi irin zaren da suke amfani da shi, aka gaya masa mai narkewa ne da kansa. Ya girgiza kai kamar wanda aka nuna wa aikin da bai gamsu da shi ba, ya karɓi biro ya sa hannu. Kafin su fita aka nemi izininsa a ajiye ɗan jininsa da guntun abin da za a cire, domin masu binciken sinadaran kitse da wuraren karɓarsu a hanji.

"Ku ɗiba," ya ce. "Ya daɗe yana cin abincina, gara ya yi wa wani amfani."

An yi aikin, kuma ya tashi. Gwajin abin da aka cire ya nuna ciwon ya taɓa kaɗan daga cikin kaluluwar, don haka aka ɗora shi a kan maganin kansa na ƙarin ruwa na tsawon watanni, wanda ya ɗauke masa ɗanɗano ya sa yatsunsa dindiris, har zura zare ya gagare shi. Likitan bai yi masa alkawari ba. Ya ce an zo a makare, amma ba irin makarar da ba a iya komai ba, kuma za a ci gaba da dubawa shekara da shekaru. Ya ƙara da cewa 'ya'yansa ma su je a duba su tun kafin su ji wani abu.

Shagon yana nan a buɗe. Tulu yana yanka da safe, lokacin da hannunsa ya fi ƙarfi, kuma har yau ba ya yanke wa abokin ciniki rara. Reza ya koma leƙowa ta taga, yana cewa sunan Tulu ya zama zalunci, a koma kiran sa Kwalba. Wanki da gugar wandunansa kuwa sun koma gida, ko da za a yi kari biyu.

Tef ɗaya ya bar shagon, yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsu. Duk ƙarshen mako, kafin ya karya kumallo, maiɗakinsa takan ɗauko shi. Tulu ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ɗaga hannuwa, yadda dubban mutane suka ɗaga masa, ya kafa ido a bango. Ita kuma ta zagaya ƙugunsa, ta sunkuya ta karanta.

"Kada ki ja da ƙarfi. Sa yatsa ɗaya a ciki."

"Yi shiru, Malam. Kuma daina kumbura ciki, ina ganin ka."

Ya saki numfashi. Ta karanta, ta saki tef ɗin, ta sake zagayawa.

"Yana nan inda yake," ta ce.

Sai a lokacin yake sauke hannuwansa.